Jihar Jojiya ta Amurka: Tarihinta da Wuraren da Suka Riƙe Shi

Jojiya ɗaya ce daga cikin jihohi 50 na Amurka, tana kudu maso gabashin ƙasar. Ta yi iyaka da Filorida daga kudu, da Alabama daga yamma, da Tenesi da Karolina ta Arewa daga arewa. Kogin Sabana ne ya raba ta da Karolina ta Kudu, sauran gabashinta kuwa Tekun Atalantika ne. Faɗinta wajen murabba'in mil 59,000 ne, mutanenta kuma a ƙidayar 2020 sun ɗara miliyan 10 da dubu 700. Kada a rikita ta da ƙasar Jojiya ta duwatsun Kokesas. Ita wannan an raɗa mata suna ne don girmama Sarkin Ingila Joji na Biyu, kuma ita ce auta cikin ƙasashe 13 da Ingilishi suka kafa a wannan gaɓar teku.

Al'umma uku suka haɗu a ƙasar: 'yan asali waɗanda Turawa suka kira Indiyawa, da Turawan kansu, da mutanen Afirka da aka kai bauta. Abin da kowace ta bari bai zama daidai ba. Masu mulki sun bar bulo da igwa da gumakan tunawa, waɗanda ko makaho ya laluba ya ji. Waɗanda aka kora da waɗanda aka bautar kuwa, abin da ya fi ba da labarinsu ɗan rubutu ne, ɗaya ma daga ciki sai da aka kai hotonsa Kano kafin a gane abin da ya ƙunsa.

Masu tulin ƙasa

Tun kafin Bature ya taka ƙasar akwai manyan garuruwa a bakin kogunanta. A Etowah, kusa da garin Cartersville, mutane sun zauna daga wajen shekarar 1000 zuwa 1550, suna noman masara da wake da kabewa. Sun ɗebi ƙasa da kwanduna suka tara tuddai 6 masu shimfiɗaɗɗen kai, mafi girmansu tsayinsa ƙafa 63, a bisansa kuma gidan sarki yake. A Ocmulgee, gefen birnin Macon, an tono daɓen wani zauren shawara wanda ya shekara wajen 1,000, da mazaunai na ƙasa jere a kewaye, aka sake yi masa rufi. Ƙabilar Muskogi suna ɗaukar wurin a matsayin ƙasar kakanninsu. A 1540 wani jarumin Sifen, Hernando de Soto, ya ratsa ƙasar da rundunarsa yana neman zinariya. Bai samu ba, amma yaƙi da cututtukan da Turawa suka zo da su sun rage jama'a ƙwarai, har manyan garuruwan suka watse.

Sabana da shirin Oglethorpe

A 1732 Sarki Joji ya ba wata ƙungiya ta Amintattu izinin riƙon ƙasar na shekara 21. A watan Fabrairu 1733 James Oglethorpe ya sauka da mutum wajen 114 a kan wani tudu na bakin Kogin Sabana, ya nemi yardar Tomochichi, sarkin mutanen Yamacraw, wata mace mai suna Mary Musgrove, 'yar Bature da Bamuskoga, tana yi musu tafinta. An sha faɗa cewa fursunonin bashi aka kwaso daga gidajen yarin Landan, amma takardun Amintattu sun nuna masu sana'a da ƙananan 'yan kasuwa aka zaɓa. Babban nufin gwamnatin Ingila shi ne sabuwar ƙasar ta zama garkuwa tsakanin Karolina mai arziki da Sifaniyawan Filorida.

Tsarin garin da Oglethorpe ya zana yana nan har yau, shi ne ma babban abin kallo a Sabana. Ya raba garin unguwa-unguwa, kowace unguwa da dandalinta a tsakiya, gidaje na kewaye da shi, an kuma keɓe filaye na coci da ɗakunan jama'a. Da garin ya bunƙasa dandalin suka kai 24, yanzu saura 22. Can kudu, a tsibirin St. Simons, ya gina ribaɗin Frederica a 1736, a nan kusa ne kuma sojojinsa suka kori rundunar Sifen a 1742. Da tsoron Sifen ya kau aka sallami sojojin, garin ya mutu. Abin da ya rage kufai ne da 'yan katangu.

Abin da ya bambanta Jojiya da 'yan'uwanta shi ne, a 1735 Amintattu sun hana shigo da bayi, suka kuma hana barasar rake. A nan akwai wani labari da ya cancanci a tsaya a kansa. Oglethorpe ya taɓa zama mataimakin shugaban kamfanin Ingila mai cinikin bayi a Afirka. A 1732 wata wasiƙa ta Larabci ta faɗo hannunsa, wadda Ayuba Sulaimanu Jallo, Bafillace ɗan malami daga Bundu, ya rubuta wa mahaifinsa daga Maryland inda yake bauta. Ya aika da ita Oxford aka fassara, sa'an nan ya ɗauki lamunin kuɗin fansar Ayuba, wanda ya isa Ingila a 1733, ya koma gida a 1734. Waɗansu marubuta sun ce wasiƙar nan ce ta juya zuciyar Oglethorpe. Mai yiwuwa ta taimaka, amma hujjojin da Amintattu suka bayar ba na tausayi ba ne: suna tsoron bayi su gudu wurin Sifaniyawa, waɗanda suka yi alkawarin 'yanta duk wanda ya iso gare su, suna kuma gudun kada Turawan su yi lalaci. Mazauna ƙasar suka yi ta kuka, suna hangen arzikin shinkafar Karolina daga ƙetaren kogi, har aka ɗage dokar daga 1 ga Janairu 1751. Bayin da ba su kai 500 ba a 1750 sun kai wajen 18,000 a 1775. Bayan yaƙin neman 'yanci daga Ingila, Jojiya ta zama jiha ta huɗu da ta amince da tsarin mulkin Amurka, ran 2 ga Janairu 1788.

Auduga da ƙasar Cerokawa

A 1793, a gandun Mulberry Grove kusa da Sabana, Eli Whitney ya ƙera injin gurzar auduga. Irin audugar da ke yi a tudu anguryarta na manne da ita ƙam, mutum kan wuni bai raba abin kirki ba. Da injin ya zo sai nomanta ya zama hanyar arziki nan da nan. Daga nan buƙatu biyu suka taso, ƙarin bayi da ƙarin ƙasa. Zuwa 1860 bayin Jojiya sun kai 462,000, watau kashi 44 cikin 100 na jama'arta. Ƙasar kuwa tana hannun Muskogi da Cerokawa. Muskogi aka fara raba su da tasu ta hanyar yarjejeniyoyi, kafin 1830 ba su da sauran ko taki a jihar.

Cerokawa, waɗanda ke duwatsun arewa maso yamma, suka ɗauki wata dabara dabam, watau su tsaya wa Bature da irin makamansa. Wani maƙerin azurfa daga cikinsu, Sequoyah, wanda bai iya karatun Turanci ba, ya yi shekaru yana ƙirƙiro wa harshensu rubutu, ya gama a 1821. Da fari ya gwada ba kowace kalma alamarta, ya ga abin ba shi da iyaka, sa'an nan ya koma ga gaɓa: alama 85, kowace tana tsaye a madadin gaɓa guda, galibi baƙi da wasalinsa. Saboda gaɓoɓin harshen ba su da yawa, mutum kan koya cikin 'yan makonni, kuma kafin a jima masu karatu sun cika ƙasar. Masu nazarin yadda ajami da boko suka yaɗu za su lura cewa wannan rubutu ya bazu ne daga gida zuwa gida, tun ba a buɗe masa makaranta ba. A 1825 suka kafa babban birninsu a New Echota, da majalisa da kotu. A 1827 suka rubuta tsarin mulki. A Fabrairu 1828 suka fara buga jarida mai suna Cherokee Phoenix da harshe biyu, Elias Boudinot ne editanta. Kada kuma a ɓoye cewa manyansu sun kwaikwayi Bature har wajen mallakar bayi. Gidan bulo da James Vann ya gina a 1804 a Spring Place yana nan tsaye, bayi fiye da 100 ne suka yi wa gidan aiki.

Duk wannan bai hana kome ba. Wajen 1829 labarin zinariya ya fashe a yankin Dahlonega, dubban mahaƙa suka kwararo. A 1830 Shugaba Andrew Jackson ya sa hannu a dokar kwashe ƙabilu zuwa yammacin Kogin Misisifi, Jojiya kuma ta shimfiɗa dokokinta a kan ƙasar Cerokawa, ta ɗaure wani ɗan mishan, Samuel Worcester, don ya zauna cikinsu ba da izininta ba. A 1832 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke cewa jihar ba ta da iko a can. Hukuncin ya tsaya a takarda, domin a shekarar nan jihar ta yanka ƙasar ta raba wa Turawa ta hanyar ƙuri'a. A Disamba 1835 waɗansu 'yan tsiraru, har da Boudinot, suka sa hannu a New Echota suka sayar da ƙasar kan dala miliyan 5. Shugaban al'ummar, John Ross, ya kai ƙara da sa hannun mutum wajen 15,000, amma majalisar dattijan Amurka ta amince da yarjejeniyar da rinjayen ƙuri'a ɗaya tak. A 1838 sojoji suka tattara mutum wajen 16,000 aka kora su zuwa inda ake kira Oklahoma yanzu. An ƙiyasta wajen 4,000 sun mutu a sansanoni da kan hanya, shi ya sa ake kiranta Hanyar Hawaye. New Echota ta koma gona. Da jihar ta buɗe wurin ga masu ziyara a 1962, gidan Worcester kaɗai ya rage na asali a mazauninsa. Kotun da maɗaba'ar duk sabon gini ne. A cikin ƙarni na 20, da masu tono suka bincika filin, sun sami ɗaruruwan ƙananan haruffan dalma na maɗaba'ar a cikin ƙasa.

Yaƙin Basasa da bayansa

Jojiya ta ɓalle daga Amurka ran 19 ga Janairu 1861, takardar da ta bayyana dalilanta kuwa maganar bauta ce ta cika ta. Wuraren yaƙin suna da yawa, an kuma yi rubutu mai yawa a kansu, don haka ambato ya isa. A ganuwar Pulaski ta bakin Kogin Sabana, sababbin igwogi masu murɗaɗɗen ciki sun fasa katangar bulo cikin sa'a 30 a Afirilu 1862, tabon yana nan. A Andersonville an tsare fursunonin Arewa wajen 45,000 cikin wata 14, kusan 13,000 suka mutu da yunwa da zawo. Janar Sherman ya ci Atlanta a Satumba 1864, ya ratsa jihar yana ƙone-ƙone har Sabana a Disamba. A can ya zauna da shugabannin cocin Baƙaƙe 20, ran 16 ga Janairu 1865 ya ba da umarni a raba wa 'yantattun bayi filayen gaɓar teku, kowane gida har eka 40. Kafin shekarar ta ƙare Shugaba Andrew Johnson ya soke abin, galibin filayen suka koma hannun iyayengijin dā.

A yankin Atlanta, wadda ta zama babban birni a 1868, akwai wurare biyu da ke musu da juna. Gabas da birnin akwai wani falalen dutse ƙato, Stone Mountain, inda aka farfaɗo da ƙungiyar Ku Klux Klan a 1915. A jikinsa aka sassaƙa siffofin shugabannin Kudu uku a kan dawakai, Jefferson Davis da Robert E. Lee da Stonewall Jackson. An fara a 1923, aikin ya tsaya, jihar ta sayi dutsen a 1958 daidai lokacin da ake gardamar haɗa 'ya'yan Baƙaƙe da na Farare a makaranta, aka gama a 1972. Shekarun nan sun isa su nuna cewa sassaƙar ta fi ba da labarin ƙarni na 20 bisa ga na 19. A tsakiyar birnin kuwa, a titin Auburn, akwai gidan da aka haifi Martin Luther King a 1929, da cocin Ebenezer inda shi da mahaifinsa suka yi wa'azi, da kabarinsa.

Tsibirin Sapelo da takardar Bilali

Sai a koma gaɓar teku da zamanin bauta, inda zancen ya fi shafar masu nazarin Afirka ta Yamma. Gaɓar Jojiya wajen mil 100 ce, jerin tsibirai sun tare ta, a bayansu kuma fadamu ne masu zazzaɓi. Masu gandu sukan guje wa wurin da damina, su bar bayi da sarkin gandu, don haka harshe da al'adun Afirka suka daɗe a nan fiye da sauran wurare. Zuriyarsu su ne ake kira Gullah ko Geechee. Wuraren tarihinsu galibi filaye ne kawai. A rafin Dunbar na St. Simons, a 1803, waɗansu Ibo da aka sauko da su suka ƙi bauta, suka shiga ruwa suka nutse. A filin sukuwa na Sabana, a Maris 1859, Pierce Butler ya sayar da mutum fiye da 400 cikin kwana biyu don biyan bashi. Sai a 2008 aka kafa allon tunawa kusa da wurin.

A tsibirin Sapelo, wanda Thomas Spalding ya fara saye a 1802, sarkin gandu wani Musulmi ne mai suna Bilali Muhammad, mutumin Timbo ta Futa Jallo. An kama shi yana saurayi, ya yi bauta a tsibiran yankin Bahamas kafin a kawo shi Jojiya, inda ya shugabanci ɗaruruwan bayi masu noman auduga da rake. Cikin 'ya'yansa mata akwai Fatima da Madina da Binta. A St. Simons kuma akwai abokinsa Salihu Bilali, Bafillacen Masina, wanda ubangijinsa James Hamilton Couper ya shaida a wata wasiƙa da aka buga a 1844 cewa yana karanta Larabci, yana da Alƙur'ani, yana azumi, ba ya shan giya.

Kafin rasuwarsa wajen 1857, Bilali ya ba wani fasto marubuci, Francis Goulding, ɗan littafi mai shafi 13 da ya rubuta da hannunsa. A farkon shekarun 1930 ɗan faston ya ba da shi ga ɗakin karatu na jihar. Kowa ya ɗauka littafin tarihin rayuwarsa ne, har aka yi ta kiransa haka, aka nuna wa masana Larabci suka kasa karantawa. Ana nan sai Joseph Greenberg, wanda daga baya ya shahara da rarraba harsunan Afirka, ya sa Hausa cikin dangin Cadi, ya tafi ƙasar Kano tsakanin 1938 da 1939 don bincike a kan Maguzawa, ya tafi da hoton takardar. Bisa ga abin da ya buga a 1940 cikin Journal of Negro History, malaman da ya nuna wa da fari cewa suka yi aikin aljannu ne, saboda rikicewar rubutun. Da aka bi shi sannu a hankali sai aka fara tsintar jumlolin da kunne ya saba da su, aka gane hannun ya bi Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, littafin fiƙihun Malikiyya da ɗalibin ilmi a ƙasar Hausa kan shiga bayan Ahalari da Ishmawi da Iziyya. Abin da ke ciki gabatarwa ce, da zancen alwala, da kiran salla.

Dalilin wuyar karatun ba ɓoyayye ba ne. Mutumin an cire shi daga gaban malaminsa karatu bai nuna ba, ya yi shekaru masu yawa ba littafin da zai duba, yana rubutu da ka, yadda harshensa ke furtawa, don haka baƙaƙe masu kama da juna a kunne suka cakuɗe. Duk malamin da ya taɓa duba allon almajiri ya san yadda sin da sad kan zama abu ɗaya. Masana na baya, irin su Ronald Judy a 1993, sun nuna akwai wurare a takardar da ba su cikin Risala, suka ce bai kamata a kira ta kwafi mai kurakurai ba, wallafa ce ta kansa. Ra'ayoyin biyu ba su yi nisa da juna kamar yadda ake zato ba, gama al'adar malaman Sudan ce mutum ya taƙaita wa na ƙasa da shi abin da ya haddace, ya ƙara da nasa, ba tare da ya damu da raba wannan da wancan ba.

Akwai shaida ta biyu, ta baka. A ƙarshen shekarun 1930 ma'aikatan gwamnati sun zaga tsibiran suna tambayar tsofaffi, aka buga amsoshin a 1940 cikin littafin Drums and Shadows. Katie Brown, tattaɓa-kunnen Bilali, ta ba da labarin da ta ji a gida, cewa shi da matarsa suna ibada a kan lokaci, da fitowar rana da tsakiyarta da faɗuwarta, suna durƙusawa a kan 'yar tabarma, suna jan dogon carbi. Ita da wani ɗan'uwanta sun kuma tuna wani abinci da kakanninsu mata kan yi a rana ta musamman: a jiƙa shinkafa ta kwana, a daka a turmi, a sa zuma ko sukari, a mulmula a raba wa yara. Sunansa saraka. Kalmar sadaka ce, yadda Mandingo ke furta ta, abincin kuwa duk wanda ya ga ana raba wa yara gumba a ƙofar gida ba ya bukatar a yi masa bayani. Masu ba da labarin Kiristoci ne, cocinsu na farko a tsibirin an kafa shi a 1866. Marubuciyar tsibirin, Cornelia Walker Bailey, wadda ta rasu a 2017, ita ma daga zuriyar Bilali, ta ambaci cewa mutanenta suna fuskantar gabas in za su yi addu'a, haka kuma suke binne matattu. Wannan hujja a riƙe ta da sauƙi, domin Kiristoci ma sun daɗe suna binnewa ta fuskar gabas. Amma abin lura ne cewa alƙibla daga Jojiya arewa maso gabas take, mutumin Timbo kuwa gabas ya saba.

Bayan 1934, da attajirin taba R. J. Reynolds ƙarami ya sayi galibin tsibirin, an tattara ƙauyukan Baƙaƙe wuri ɗaya, a Hog Hammock. Yanzu kusan dukan Sapelo na hannun gwamnatin jiha, ba gada, sai da jirgin fito ake zuwa, zuriyar bayin da ke zaune can kuma 'yan gomiya ne, suna fama da tsadar haraji da masu son sayen fili. Mai ziyara zai ga kangayen gandun Chocolate, waɗanda aka gina da ƙonannen ɓawon kawa da yashi, da maƙabartar Behavior a cikin kurmi. Takardar Bilali kuwa tana ɗakin ajiyar littattafai na Hargrett a Jami'ar Jojiya, a garin Athens, mil fiye da 200 daga tsibirin.